Yadda Ake Amfani da Sharhin Masana Wajen Nazarin Waƙa

Duk ɗalibin da ya zaɓi darasin Hausa a babbar sakandare, ko ba daɗe ko ba jima sai Malam ya ɗora masa aikin nazarin waƙa. Za a ba shi rubutacciyar waƙa ko waƙar baka, a ce ya fito da jigonta, ya bayyana zubinta da tsarinta, ya kuma nuna salon mai ita. A nan ne da yawa daga cikinmu kan garzaya laburare neman abin da masana suka rubuta a kan waƙar. Neman ba laifi ba ne, domin tambaya rabin ilimi ce. Inda gizo yake saƙar shi ne abin da za a yi da bayanin bayan an samo shi. Wani yakan kwafe shafi guda cur ya miƙa wa Malam. Wani kuma yakan ɗebo maganar mutum uku waɗanda ba su yarda da juna ba, ya jera su kamar bakinsu ɗaya. Dukansu biyu maki kaɗan suke samu, kuma sukan bar makaranta ba su iya auna magana ba.

Saboda haka nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, matakai uku da nake bi idan na sami rubutun masana a kan waƙa. Matakan su ne taƙaitawa da aunawa da kwatantawa.

Waƙa daban, sharhi daban

Kafin mu shiga matakan, ya kamata mu raba abu biyu. Akwai ita waƙar kanta, wato baitocin da mawaƙi ya rubuta ko muryarsa da aka ɗauka a faifai. Wannan ita ce tushe na farko. Akwai kuma abin da wani ya faɗa game da waƙar, ko a littafi, ko a mujalla, ko a kundin digiri, ko a shirin rediyo. Wannan shi ne tushe na biyu, wanda a nan zan riƙa kira sharhi.

Yin sharhi a kan waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta sharhi da Larabci a kan Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda Alfazazi mutumin Andalus ya tsara tun a ƙarni na 13. Ya yi shi ne don ya warware wa almajirai kalmomin waƙar masu wuya. Duk da haka, a makarantun zaure na Kankiya da Kusada, in watan Mauludi ya kama, Ishiriniyar ake rerawa, sharhi kuwa sai an cije a kan wata kalma ake buɗe shi. Haka ya kamata mu ma mu yi. A fara karanta waƙa ko a saurare ta sau uku ko huɗu, a rubuta abin da aka fahimta, sa'an nan a nemi masana. Wanda ya fara da sharhi, da idon wani zai ga waƙar har ya gama.

Mataki na farko: taƙaitawa

Taƙaitawa ita ce ka faɗi babbar maganar marubuci da kalmominka, a layi uku ko huɗu, ba tare da ka ƙara masa abin da bai ce ba, ko ka rage abin da ya dogara a kai. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin ba za ka iya taƙaita abin da ba ka gane ba.

Ga yadda nake yi. Nakan ware shafi guda a littafin rubutuna ga kowane marubuci. A sama in rubuta sunansa da sunan littafinsa da shekarar da aka buga shi. Sai in karanta babin da ya shafe ni har ƙarshe, in rufe littafin, in amsa tambaya biyu: me wannan malami yake so in yarda da shi, kuma wace hujja ya kawo? Bayan na rubuta sai in sake buɗe littafin in duba ko na yi masa adalci. Idan akwai wata jimla tasa da nake son ɗauka yadda take, nakan sa mata alamar zancen wani, in rubuta lambar shafi nan take. Rufe littafin nan shi ne sirrin aikin. Muddin yana buɗe a gabanka, hannunka zai riƙa kwafa ko ba ka yi niyya ba.

Bari in ba da misali da littattafai biyu da malaman Hausa suka fi ambata. Na farko shi ne Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. In an ce in taƙaita shi, sai in ce: littafin ya shimfiɗa hanyar nazarin rubutacciyar waƙa daki-daki, daga sanin mawaƙi da waƙar, zuwa jigo da warwararsa, zuwa zubi da tsari, zuwa salo da sarrafa harshe. Na biyu shi ne Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya fito a 1993. Shi kuma sai in ce: ya tsara hanyar nazarin waƙar makaɗa, inda dole a kula da kiɗa da amshi da wurin da aka rera waƙar.

Mai taƙaitawa ya kula da kalmomin da kowane marubuci ya zaɓa. Abin da ake kira jigo a nazarin rubutacciyar waƙa, Gusau turke yake kiransa a waƙar baka. Inda ake cewa baiti, shi ɗan waƙa yake cewa, kuma akwai gindin waƙa wanda 'yan amshi suke maimaitawa. Ɗalibin da ya gauraya waɗannan kalmomi ya nuna wa mai duba takarda cewa ya leƙa littattafan ne kawai, bai zauna da su ba.

Mataki na biyu: aunawa

Kowa ya san yadda iyayenmu suke sayen hatsi a kasuwa. Ba sa karɓar buhu don mai shi ya rantse ya cika. Sai sun sa hannu sun ɗebo daga ƙasa, sun duba ƙwaya, sun kuma ga tiyar da aka auna da ita. To, rubutun masana ma haka ake yi masa. Kasancewar magana a cikin littafi mai bango ba ya mai da ita gaskiya, haka kuma digirin marubuci ba ya nufin ya amsa kowace tambaya. Tambayoyin da nake yi wa kowane sharhi huɗu ne. Wane ne ya rubuta? Yaushe ya rubuta? Daga ina ya samo bayaninsa? Me ya sa ya rubuta?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999. Shata ba baƙo ba ne a nan, domin a shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Mu ɗauka Malam ya ba mu Bakandamiyarsa mu yi nazari. Akwai aƙalla wurare huɗu da ɗalibi zai iya samun bayani.

Na farko shi ne kundin digirin digirgir na Dandatti Abdulƙadir, wanda ya kammala a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, kafin daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano. Ya yi aikin ne Shata yana raye yana tsakiyar tashe, kuma babbar tambayarsa ita ce matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma da yadda yake ƙaga waƙa. Ya gwada ra'ayin wasu Amurkawa biyu, Milman Parry da Albert Lord, waɗanda suka yi nazarin mawaƙan tsohuwar ƙasar Yugosilabiya, suka ce mawaƙin baka yana gina waƙarsa ne nan take da wasu tubalan magana da ya saba da su. Wannan kundi yana da nauyi ƙwarai ga mai son sanin dalilin da ya sa waƙar Shata ɗaya kan fito da fuska dabam-dabam a faifai dabam-dabam. Amma Shata ya ƙara shekara 24 a duniya bayan an gama shi, saboda haka duk waƙar da ya yi bayan 1975 ba za a same ta a ciki ba. Kuma da Turanci aka rubuta shi.

Na biyu shi ne littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin. Da Hausa aka rubuta shi, kuma tarihin rayuwa ne tun daga haihuwa har rasuwa. Mai neman sanin wanda aka yi wa wata waƙa, ko abin da ya faru har aka yi ta, nan ya kamata ya fara dubawa. Sai dai littafin tarihin mutum manufarsa daban take da ta littafin feɗe waƙa, don haka warwarar turke da fito da salo aikinka ne kai ɗalibi.

Na uku su ne dattawanmu. A Kankiya da Kusada da Musawa har yanzu akwai waɗanda suka ga Shata yana wasa da idonsu. Da ɗan gari akan ci gari: dattijo zai iya warware maka habaici ko sunan wani wuri da ba za ka samu a littafi ba. Amma ƙwaƙwalwa takan haɗa shekara da shekara. Saboda haka a karɓi ma'anar kalma daga gare shi, a kuma gwada shekarar da ya faɗa da abin da aka rubuta.

Na huɗu shi ne abin da muke gani a waya lokacin hutu, a Facebook da WhatsApp da sauran shafukan intanet. A nan akan ci karo da rubutu marar sunan marubuci, marar kwanan wata, yana faɗin adadin waƙoƙin Shata dubu kaza, wani kuma ya faɗi wani adadin dabam, babu wanda ya nuna inda ya ƙidaya. Irin wannan ya faɗi dukan tambayoyin nan huɗu. Haka kuma amsar da manhajojin kwamfuta masu amsa tambaya suke bayarwa, ita ma sai an bi sawunta zuwa littafi ko faifai kafin a yarda da ita, domin sukan ƙirƙiri baiti ko sunan littafin da babu shi.

Abin lura a nan shi ne, aunawa ba ta tsaya ga cewa wannan mai kyau ne, wancan marar kyau ba. Kowane sharhi akwai tambayar da ya iya amsawa da wadda bai iya ba. Aikin ɗalibi shi ne ya san wace tambaya zai kai wa wane.

Mataki na uku: kwatantawa

Kwatantawa ita ce ka ɗauki tambaya guda ɗaya tak, ka ji amsar da masana biyu ko uku suka ba ta, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, da dalilin rabuwar. In babu tambaya guda, abin da za a samu jerin sunaye ne kawai.

Misalin da zan kawo shi ne Imfiraji, fitacciyar waƙar Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin nan da ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa kamar yadda ta ba Shata. Tambayar ita ce: daga ina karin Imfiraji ya fito?

Kari shi ne ma'aunin da yake sa layukan waƙa su tafi daidai a kunne. Larabawa suna da karuruwa 16 a ilimin aruli, waɗanda Halilu ɗan Ahmadu ya tsara 15 daga cikinsu. Ana gina su ne da jeren gaɓoɓi dogaye da gajeru. Hausa ma tana da doguwar gaɓa da gajeriya. In ka furta "gaskiyar nan" a hankali, za ka ji doguwa, gajeriya, doguwa, doguwa. Wannan jeri shi ne ƙafar karin da Larabawa suke kira ramal.

Rukunin farko na masana sun tafi a kan cewa rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji karinta ne daga Larabci. Joseph Greenberg, wani masanin harsuna Ba'amurke, ya yi rubutu a kan haka tun a 1949. A 1975 Mervyn Hiskett na Ingila ya fitar da littafinsa na tarihin waƙoƙin addini na Hausa, inda ya nuna yadda malaman zamanin jihadi suka ɗauki tsarin waƙar Larabci suka zuba Hausa a ciki. A wannan shekarar kuma Farfesa M. K. M. Galadanci ya buga maƙala a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano, inda ya kamanta dangantakar waƙar Larabci da ta Hausa da aure. Hujjarsu mai ƙarfi ce: marubutan nan malamai ne da suka yi karatun aruli, kuma in aka yanka layukan waƙoƙinsu gaɓa-gaɓa sai a ga sun hau karuruwan Larabci. Masu bin wannan hanya sukan sa Imfiraji a karin ramal.

Rukuni na biyu sun ce a dakata, akwai sauran magana. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a 1979 cewa waƙar baka da rubutacciya suna cuɗanya, kowace tana aro daga 'yar'uwarta. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya rubuta maƙala a kan karin Imfiraji kanta. Shi ya kula da yadda ake rera waƙar, ya kuma kai ga cewa tafiyarta ta fi dacewa da caji, wani kiɗa da waƙa na gargajiyar Hausa, duk da kamar da take yi da ramal a takarda.

To, yaya ɗalibi zai kwatanta su? Da farko ya nuna inda suka haɗu: duka ɓangarorin sun yarda waƙar tana da ma'auni, kuma dogaye da gajerun gaɓoɓi ne tubalansa. Sa'an nan ya nuna inda suka rabu, wato asalin ma'aunin. Daga nan sai ya nemi dalilin rabuwar, wanda shi ne gishirin aikin. Ɓangare ɗaya ya fi dogara ga abin da ido ya gani a rubuce da tarihin karatun malamai, ɗayan kuwa ya fi dogara ga abin da kunne ya ji a wajen rerawa. Haka kuma na farko yana magana ne a kan rubutattun waƙoƙi gaba ɗaya, na biyu kuma ya tsaya a kan waƙa guda. Ke nan yana yiwuwa maganar gado daga Larabci ta zama gaskiya ga waƙoƙi masu yawa, amma Imfiraji ta bi tata hanya.

Bayan wannan sai ɗalibi ya koma ga waƙar, domin gani ya kori ji. Ya ɗauki baiti biyar ko shida, ya yanka su gaɓa-gaɓa, ya ƙidaya layukan da suka hau ramal daidai da waɗanda suka kauce. Ya kuma saurari mai rera ta yana tafa hannu, ya ji ko layukan da suka kauce a takarda sun kauce a kunne. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na biyu a kan wannan waƙa, saboda Namangi makaho ne, da kunne da baki ya gina waƙarsa, kuma mutanen da suka haddace ta a garuruwanmu ta kunne suka karɓe ta. Wani ɗan ajinmu yana iya karkata ga na farko, ya ce Namangi malami ne da ya sha karatun waƙoƙin Larabci. In ya kawo hujjarsa daga baitocin, shi ma ya yi aiki.

Shigar da su cikin maƙala

Idan an zo rubutu, kada a tara maganar masana wuri ɗaya a farkon maƙala a bar ta can. A kawo kowanne a inda ake bukatarsa: mai maganar jigo a wajen jigo, mai maganar kari a wajen zubi da tsari. A ambaci sunansa da shekara, a faɗi ra'ayinsa a taƙaice, a biyo da misali daga waƙar, sa'an nan ɗalibi ya faɗi nasa. A kuma zaɓi kalma da kyau, domin "ya ce" daban take da "ya nuna", ita ma daban take da "ya tabbatar". Kada a ce masani ya tabbatar da abin da zato kawai ya yi.

Ɗaukar maganar wani ba tare da ambaton sunansa ba kuwa sata ce, ko da ba kuɗi aka ɗauka ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO babu littafin kowa a gabanka, daga kai sai abin da ka fahimta. Malamanmu na zaure ma ba sa kawo magana sai sun ce wane ya faɗa a littafi kaza, kuma wannan ladabi shi ne ya tsare ilimi har ya iso gare mu.

Kira ga iyaye da 'yan'uwa

Laburaren makarantar sakandare ba zai iya tara dukan waɗannan littattafai da mujallu ba. Don haka ina roƙon iyayenmu, idan za a yi mana sayayyar komawa makaranta, a haɗa da littafin Hausa ko da guda ɗaya ne, kamar yadda ake saya mana na lissafi da na Turanci. Yayyenmu da suke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da suke Dutsin-ma, suna iya taimaka mana da aron littafi ko hoton wata maƙala. Kakanninmu kuma su daure su amsa mana idan mun zo da tambaya a kan wata tsohuwar waƙa, domin abin da ke kansu ba ya cikin kowane laburare. Mu kuma ɗalibai mu riƙa musayar abin da muka samu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan horo amfaninsa bai tsaya ga darasin Hausa ba. Wanda ya iya tambayar wa ya faɗa, yaushe, da wace hujja, ba za a ruɗe shi da jita-jita a kasuwa ko a waya ba, ko likita ya zama, ko alƙali, ko manomi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, amin.